An ba ni 'yan aji ɗaya, ta ina zan fara shirya ajin?

Wata ƙanwarmu ce ta turo min wannan tambayar. Ta ce ta gama NCE, an ɗauke ta aiki a wata firamare a nan cikin garin Kaduna, an damƙa mata 'yan aji ɗaya, yara saba'in a rajista, benci goma sha shida, allo ya koɗe, bango fayau ba komai a jiki. Tana ganin hotunan ajujuwan Turai a Facebook an ƙawata su da kala-kala sai jikinta ya yi sanyi, har ta ware wasu 'yan kuɗi za ta shiga kasuwa ta sayo kwali da maka ta rubutu da balan-balan. Ta ina za ta fara?

To ƙanwata barka da samun aiki, Allah ya sa kin fara a sa'a. Kuɗin nan kuma mayar da su jaka tukuna, za mu zo kansu daga baya.

Ni ma abin da na yi ke nan lokacin da aka fara ba ni aji, yau shekara ashirin da ɗoriya. Sati guda na yi ina zane da daddare, na yi A for Apple har zuwa Z, na yi lambobi, na yi sassan jiki, na dama sitaci na hau kan benci na manna su can sama kusa da rufi don kar yara su taɓa. Wallahi ranar da na gama sai da na tsaya bakin ƙofa ina kallo ina jin daɗi. Kin dai san ruwan watan Satumba a Kaduna, na bankwana ne amma da iska yake zuwa, tagogin ajin kuma biyu ba su da marfi. Ranar wata Litinin na shigo na tarar rabin kwalayen a ƙasa sun jiƙe sun zama kamar fate, waɗanda suka tsira kuma kyankyasai sun bi sitacin sun cinye bayansu. Amma ba wannan ne ya fi ci min rai ba. Na nuna hoton apple ɗin da ya rage na ce yara menene wannan, sai wani ɗan tsurut a gaba ya ɗaga hannu da ƙarfinsa ya ce gwaiba ce Malama. Kuma gaskiyarsa, shi gwaiba ya sani. Sauran ma ba su taɓa ɗaga kai sun kalli kwalayen ba, don na manna su ne daidai idona ni da nake tsaye kan benci, yaro ɗan shekara shida kuwa kansa da kyar ya wuce ƙuguna.

Shi ya sa abin da nake fara gaya wa duk wata sabuwar malama shi ne, ki je ajin lokacin da ba kowa, ki rubuta wani abu a allo da girman rubutunki na kullum, sai ki tafi bencin ƙarshe ki zauna, ki ma tsuguna har kanki ya yi daidai da na yaro. Ki duba. Ki koma lungun dama ki duba, ki koma na hagu. Ki yi haka da safe wajen ƙarfe takwas, ki sake yi wajen sha ɗaya, saboda hasken da ke shigowa ta taga yana dukan allo ya sa wani ɓangare ya riƙa ƙyalli, wanda ke zaune a gefe ba ya ganin komai sai fari. Abin da kika gani daga can shi zai gaya miki inda za ki fara, ba hoton Facebook ba.

Allon nan da kika ce ya koɗe shi ne abu na farko, ya fi duk wani kwali muhimmanci, don shi ne littafin yara saba'in a lokaci guda. In makaranta ko PTA, wato ƙungiyar iyaye da malamai, za su iya sayen fentin allo shi ya fi, gwangwani ƙarami ya isa. In babu, a daka gawayi lukui a haɗa da ruwan ƙaro a shafe, a bar shi ya bushe, zai kai ki 'yan makonni kafin a sake. Wasu suna fasa tsohon batir su shafa baƙin cikinsa, ni ban yarda da wannan ba, yara suna taɓa allo su kai hannu baki. Ki raba allon gida uku da alli, gefe ɗaya na kwanan wata da harafin ranar wanda ba a gogewa sai an tashi, tsakiya na darasi, ƙasan allon kuma inda hannunsu ke kaiwa ki bar musu, nan za su riƙa fitowa suna gwada rubutu. Harafi kuma ki yi shi ƙato, kamar tsawon tafin hannunki, kar ki ji kunyar cinye allo da kalma huɗu.

Sai zama. Benci goma sha shida in kin zaunar da uku-uku yara arba'in da takwas ke nan, in kin matsa huɗu-huɗu sittin da huɗu amma ba mai iya motsa gwiwar hannu balle rubutu, kuma faɗa ba zai ƙare ba, Malama ya ture ni, Malama ta taka ni. Ni gara uku-uku, ragowar ki shimfiɗa musu tabarma a gaba. Kuma kar zaman tabarma ya zama na wasu ne kullum, a riƙa juyawa duk sati, in ba haka ba iyaye za su ce an ware 'ya'yansu a ƙasa, kuma suna da gaskiya. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya yara 35 a firamare, wannan a takarda ke nan, mu da muke ciki mun san yadda abin yake, waɗanda suka koyar a 2016 lokacin da aka fara ciyar da yara a firamaren jihar nan ma za su ba ki labarin yadda ajujuwa suka cika har taga.

Abin da ba na sassauci a kansa shi ne hanya. Ki jera bencin yadda za a samu hanya biyu daga allo har bangon baya, wadda za ki bi ba tare da kin tsallake kan kowa ba. Duk yaron da ƙafarki ba ta iya kaiwa wajensa to ki sani ba ya cikin ajinki, sunansa ne kawai a rajista. Teburinki kuma ki tura shi lungu, kar ya tsaya tsakaninki da su, ai ba zama za ki yi ba, malamar aji ɗaya da ta samu zama minti goma a jere to wani abu na lalacewa a baya.

Wa zai zauna gaba? Kowa zai ce gajeru, haka ne, amma ba su kaɗai ba. Akwai wani yaro da na yi kusan zango guda ina masa kallon daƙiƙi, dogo ne sai na kai shi baya, in na yi tambaya sai ya yi ta kallon bakina yana murmushi, in an ce a kwafa sai ya leƙa na maƙwabcinsa. Wata rana na zo wucewa ta bayansa na kira sunansa sau biyu bai juyo ba, na dafa kafaɗarsa ya zabura, sai na ga auduga a kunnensa ta jiƙe, ashe kunnen ruwa yake yi tun yana ƙarami. Na dawo da shi gaba ta gefen da kunnensa mai lafiya ke fuskantata, na aika wa mahaifinsa a kai shi asibiti, kafin ƙarshen shekara yana cikin masu karanta gaɓa ba gargada. Har yau in na tuna tsawar da na sha yi masa sai na ji ba daɗi. Don haka a satin farko ki lura da mai ƙanƙance ido in yana kallon allo, da mai karkata kai gefe ɗaya in kina magana, da wanda sai ya ga abin da wasu suka yi sannan ya yi. Bahago kuma ki sa shi a ƙarshen benci ta hagu don kar gwiwarsa ta riƙa karo da ta na kusa da shi, kuma don Allah kar ki doke hannunsa. Cin abinci da karɓar abu da dama tarbiyya ce, muna koya musu, amma fensir a bar shi a hannun da ya fi iyawa.

Za ki ga kuma shekarunsu ba ɗaya ba ne. A ƙa'ida ɗan shekara shida ne ke shiga aji ɗaya, amma za ki tarar da ɗan shekara tara da sai yanzu aka kawo shi, da 'yar shekara huɗu da ta biyo yayarta don ba mai riƙe ta a gida. Da can ai cewa ake yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnensa, in ya taɓo an ɗauke shi. Manyan nan kar ki bar su a baya su zama 'yan daba, ki raba su cikin layuka ki ba su aiki, ƙananan kuma ki yi magana da hedimasta in makarantar tana da ajin share fage a mayar da su can.

Yanzu maganar suna, wadda nake ganin ta fi duk adon bango. Ranar farko za ki buɗe rajista ki kira Aisha, yara biyar su amsa, ki kira wata Aishar ba wanda zai amsa, saboda ita a gida Ummi ake ce mata ko Humaira, ba ta ma san sunanta na yanka ba. Haka Muhammad da Abubakar, rabinsu Abba ne ko Baffa ko Khalifa ko Sadik, saboda alkunya iyaye ba sa kiran sunan. In ba ki yi hankali ba sai ki yi sati kina sa wa yarinya ba ta zo ba alhali ga ta zaune gabanki. Ki samu littafi naki na kanki daban da rajistar makaranta, kowane yaro ki rubuta sunan rajista, sunan gida, unguwa da layi, lambar wayar wani babba, da wanda ke zuwa ɗaukarsa in an tashi. Ranar da yaro zai yi zazzaɓi ko ya faɗi ya fasa goshi za ki gode wa littafin nan.

Sai ki je wajen mai shago a unguwarku ki roƙi kwalayen taliya da na sabulu da ya gama da su, ki yayyanka kamar faɗin tafin hannu, kowane yaro ki rubuta masa sunansa da manyan haruffa masu kyau. Da safe ki baza katunan a kan tabarma ko tebur, kowa in ya shigo ya nemo nasa ya jefa a kwando. Satin farko hargitsi ne, sai kin taya su, wasu ma da alamar da kika zana a gefe za su gane, kifi ko tauraro ko mota. Amma kafin wata guda za ki ji yaro yana cewa Malama nawa da na Musa farkonsu iri ɗaya ne, to karatu ya fara ke nan ba tare da kin ce a buɗe littafi ba. Katunan da suka rage a tabarma kuma su ne waɗanda ba su zo ba, kin huta da kiran suna saba'in cikin hayaniya.

Abin da ke cinye sabuwar malama ba rashin kayan aiki ba ne, ƙananan abubuwa ne da ba ta zaci sai an koyar da su ba. Yadda ake shiga aji daga asambuli, inda ake ajiye takalmi da jaka, yadda ake neman izinin fita, yadda ake karɓar fensir, me za a yi in Malama ta tafa sau uku. Waɗannan darasi ne kamar lissafi, sati biyun farko ki ba su haƙƙinsu ko da sikim, wato jadawalin darussan zango, yana jiranki. Ki nuna, su gwada, su ɓata, a sake, layi ɗaya ya fita ya dawo, a tafa masa, na biyu ya yi. Alamar shiru guda ɗaya tak ki zaɓa kar ki canja, ni tafi uku nake yi su amsa da biyu su rungume hannu, kuma ba na fara magana sai ajin ya yi tsit ko zan yi minti biyu a tsaye. In kika saba magana a kan surutu to kin koya musu cewa ana iya yi tare, kafin wata biyu muryarki ta dishe, ga ƙurar alli ga ta hunturu na tafe.

Bayan gida kuwa ranar farko ki kwashe su layi-layi ki kai su ki nuna musu, ga na mata ga na maza ga buta ga inda ake wanke hannu. Kuma ki faɗa musu da Hausa ƙarara cewa duk mai jin fitsari ya ɗaga hannu ya faɗa. Na taɓa ganin ajin da aka ce sai yaro ya nemi izini da Turanci, wata yarinya ta kasa haɗa kalmomin ta yi ta matse ƙafa har ta sake a zaune, yara suka yi mata dariya, sati biyu ba ta dawo ba sai da aka bi ta gida. Ki ajiye tsohon zani ɗaya da ɗan wando a jakarki, wanda abin ya same shi ki fitar da shi a hankali kamar aike za ki yi masa.

Fensir wani yaƙi ne. Kullum akwai goma da ba su zo da shi ba, biyar nasu ya karye, uku an sace. Dabarar da ta yi min aiki ita ce gwangwanin madara ɗaya ga kowane layi, fensiran layin suna ciki, a raba da safe a tattara kafin a tashi a ƙirga. Sabon fensir ki raba shi biyu, hannunsu ƙarami ne guntun ma ya fi musu daɗin riƙewa, kuma in ya ɓata rabi ne ya ɓata. Fiƙewa ke za ki yi ko manyan cikinsu da shafna, ɗan abin fiƙe fensir ɗin nan, kafin a fara darasi, reza kuwa ki hana ta shigowa ajin kwata-kwata, za ki same ta a aljihunsu, ki karɓe. In ƙofar ajin ba ta kulluwa kar ki bar komai, ki samu jakar Ghana-must-go ki riƙa kai wa ofishin hedimasta, in hali ya yi daga baya a yi miki ɗan akwatin ƙarfe a kasuwar Panteka a sa masa kwaɗo. A can ɗin ma ko wajen kowane kafinta za ki samu ragowar falanki sirara da ba su da amfani a wajensu, a yanka miki kamar girman littafi a shafa baƙin fenti, kin samu ƙananan alluna. Yaro ya rubuta da alli ya ɗaga sama, da kallo ɗaya kin ga amsar aji gaba ɗaya, ya goge da tsumma ya sake, ba a cinye littafin da uwarsa ta sayo da kyar ba.

Tunda na ambaci allo, ga wani abu da ba a faɗa mana a kwaleji ba. Yawancin yaranmu kafin su zo boko sun riga sun fara makarantar allo ko Islamiyya, idonsu da hannunsu sun saba daga dama zuwa hagu. Za ki ga yaro ya buɗe littafi ta baya, ya fara rubutu daga dama, har sunansa ya jera haruffan a juye. Ba daƙiƙanci ba ne, wani ilimin ne ya riga naki zuwa, kuma yaron da ya saba zama ya riƙe allo ya bi baƙi da yatsa ya riga ya yi rabin tafiya. Ki ɗiga masa ɗan tauraro a saman shafi ta hagu ki ce daga nan motar boko take tashi, a babban allo ma ki yi haka, kwana kaɗan zai raba biyun.

To yanzu bango. Ban ce a bar shi fayau ba, cewa na yi kar a fara da shi, kuma kar a cika shi. Akwai binciken da aka yi a jami'ar Carnegie Mellon a Amurka a 2014 da 'yan ajin share fage, aka koyar da su a ɗakin da aka cika bangonsa da hotuna da kuma ɗakin da ba ado, aka ga a mai adon hankalinsu ya fi tafiya wajen kalle-kalle kuma abin da suka riƙe bai kai na ɗayan ba. Wato su kansu masu ajujuwan da kike gani a waya abin bai gama yi musu daidai ba. Ni abin da nake yi, ƙusa biyu da igiya, a ɗaure daga wannan kusurwa zuwa waccan daidai tsayin idon yara, a riƙa rataya abu da maƙalin shanya. Harafin da aka koya yau shi za a rataya yau, bango ya riƙa cika tare da kansu, duk abin da ke jikin igiyar nan sun san shi sun san ranar da ya hau. Ranar Juma'a ki kwashe ki adana, ba ruwa ba kyankyaso ba yaran unguwa masu shigowa ƙwallo da yamma. Abin da kike so ya daɗe kuma ki rubuta shi da maka a jikin farin buhun shinkafa ko na fulawa da aka farke aka wanke, wannan ko ya jiƙe shanya shi kawai za ki yi. Rabin igiyar ki bar wa aikinsu, zanen da yaro ya yi da hannunsa ko kyanwar ta yi kama da akuya, kuma kowa ya samu ranarsa, ba na masu ƙoƙari kaɗai ba.

Haruffan kuma in yaranki Hausa suke ji ki fara da abin da suka sani. Wasula biyar, a e i o u, sai baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, a haɗa gaɓa, ba be bi bo bu, ka ke ki ko ku, nan da nan sai ga baba, kaka, keke, gida. Daɗin Hausa yadda ake faɗa kusan haka ake rubutawa, yaro in ya gane cewa k da e suna ba da ke, ya maimaita ya ji bakinsa ya ce keke, za ki ga idonsa ya buɗe, wannan kallon shi ne albashin da ba a biya a banki. Kar ki tsallake masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da 'y, da masu tagwai irin sh da ts, ki kawo musu baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa, suna son wasan nan sosai. Hoto kuma na abin da ke gabansu, b buta, k kaza, t tabarma. Tun 1977 tsarin ilimi na ƙasa ya yi maganar a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, gwamnatoci suna ta kai da kawowa a kan maganar, ke dai ki bi abin da makarantarku take kai game da harshen darasi, amma ba wanda zai hana ki yi wa ɗan shekara shida bayani da harshen da yake ji. Turancin ma ya fi zama in ya riga ya gane yadda harafi ke ba da sauti.

Sai dai nan Kaduna ce, ki duba ajinki da kyau. In kina wajen Rigasa ko Tudun Wada ko Kawo kusan duk Hausa ce, amma in ta Kakuri ko Sabon Tasha ko Narayi ne za ki samu Gbagyi da Bajju da Atyap da Yarbawa da Ibo, wasu Hausarsu ta fi taki, wasu kuma Turancin buroka ne a bakinsu. Har a cikin unguwannin Hausawa za ki iya samun ɗan Fulani da bai daɗe da zuwa gari ba. Wanda ba ya jin harshen ajin ki haɗa shi benci da mai jin duka biyun. Waƙa da addu'a kuma ki bi tsarin makaranta, ki san su waye a gabanki, kar yaro ya koma gida da abin da zai sa uba ya zo da safe ransa a ɓace.

Kayan lissafi ba a saye. Ki ce kowa ya zo da marfin lemo goma, kwana biyu kin tara buhu. Tsinken tsintsiya ko sirarran kara a kakkarya, a ɗaure goma-goma da roba, ɗauri ɗaya da tsinke uku goma sha uku ke nan, abin da za ki yi wata kina bayani a allo hannu zai gane shi a kwana uku. Wake da masara da ƙananan tsakuwa dai ki guje su, sai sun shiga hanci ko kunne, na ga wannan ba sau ɗaya ba.

Wajen sati na uku in aji ya fara natsuwa, ki riƙa kiran su ɗai-ɗai lokacin tara ko suna wani aiki, minti biyu kowa, ki nuna haruffa biyar da lambobi biyar ki rubuta abin da ya sani a littafin nan naki. Za ki ga sun kasu, akwai wanda ya yi nazare yana haɗa gaɓa, akwai wanda bai taɓa riƙe fensir ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna a kan wannan, a haɗa yara gwargwadon abin da suka iya ba gwargwadon shekaru ko aji ba, ke ma ko rabin awa ne a rana ki zauna a tabarma da 'yan baya, sauran suna aiki a ƙananan allunansu. Kuma darasi kar ya yi tsawo, in kin ga an fara mutsu-mutsu a miƙe a yi waƙa a zauna. Ki tanadi aikin da ba ya buƙatar murya saboda ranar ruwa, in rufin kwano ne ba silin ko ihu kike ba mai jin ki, zane ko jera marafan lemo shi ne maganin ranar.

Bulala ni na ajiye ta tuntuni, ba don wani ya hana ni ba, na ga dai yaron da ke tsorona ba ya gwada amsa, wanda ba ya gwadawa kuma ba ya koyo. Monita mai rubuta sunan masu surutu ma ba na yi a aji ɗaya, su da ba su iya rubutun ba ma, cin zali kawai yake koya musu. Aiki nake rabawa, mai goge allo, mai gwangwanin fensir, mai kwandon kati, mai cika buta, kuma mafi ƙiriniya shi nake fara ba wa.

Lesin not, wato shirin darasi, da sikim da dayari na rubuta abin da aka koyar da rajista ki riƙe su da kyau kar su taru, masu duba makarantu daga SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ko ofishin ilimi na ƙaramar hukuma su za su fara tambaya kafin su kalli bango. Ki nemi wata tsohuwar malama a makarantar ki ce ta nuna miki nata, ki gaishe ta da kyau, za ta gaya miki abin da ba ya cikin kowace takarda. Maganar marfin taga da ƙofa da yoyon rufi ba aljihunki ba ne, ki kai wa hedimasta a rubuce ya kai gaban PTA ko SBMC, wato kwamitin gudanar da makaranta. Kuma kar ki karɓi ko naira goma daga hannun yara da sunan gyaran aji sai da sanin shugaba, niyyarki mai kyau ce amma magana in ta fita unguwa ba haka za ta koma ba.

Kuɗin da kika ware kuwa, in kin shiga Kasuwar Bacci ko ta Gumi, ki sayi maka baƙa biyu da ja ɗaya, igiya, ƙusa, maƙalin shanya dozin biyu, fensir dozin biyu, shafna uku, roba, buta biyu da sabulu. Shi ke nan. Ragowar ki riƙe na Keke Napep, albashin farko wani lokaci yana jan ƙafa. Balan-balan ki bari sai bikin ƙarshen zango in an raba sakamako. Gobe dai ki je ki tsuguna a bencin bayan nan kamar yadda na ce, ki turo min abin da kika gani da inda tagogin suke, sai mu san ta wane gefe za ki shimfiɗa tabarmar.